Waiwaye: Yadda ganin likitan haƙori ya zama jan aiki a Birtaniya

Ranar 5 ga Yulin 1948 Birtaniya ta buɗe hukumar lafiya ta NHS, kuma haƙori na cikin abin da ministan lafiya Aneurin Bevan ya ce kyauta ne. Jama'a suka yi ca. Talakawan da suka shekara da shekaru suna danne ciwo da kanumfari suka je aka cire musu ruɓaɓɓun haƙora, aka sa musu na roba.

Daɗin bai daɗe ba. A 1951, da kuɗin makamai ya hau saboda yaƙin Koriya, ministan kuɗi Hugh Gaitskell ya sa a riƙa biyan wani abu kan haƙoran roba da tabarau. Bevan ya ajiye muƙaminsa, ministan kasuwanci Harold Wilson ma ya bi shi. A 1952 aka ƙara cajin fam ɗaya kan aikin haƙori. Tun daga nan aka ware baki daga sauran jiki, alhali mai ciwon haƙori ko tuwo ba ya iya ci.

A ganina, babbar ɓarnar ta zo ne a Afrilun 2006, lokacin da aka sauya yadda ake biyan likitoci a Ingila da Wales. Aka koma lissafi da maki: duba baki maki 1, cike haƙori ko cire shi maki 3, haƙoran roba maki 12. Likitan da ya cike haƙori ɗaya da wanda ya wuni yana cike shida a baki guda, a lokacin kuɗinsu ɗaya ne. To wa zai yi marmarin karɓar wanda bakinsa ya lalace? Likitoci da dama suka juya ga masu biya daga aljihu, kuma gyaran da aka yi wa makin a 2022 bai dawo da su ba.

A shekarar ce binciken BBC ya gano tara cikin goma na asibitocin haƙori masu aiki da NHS ba sa karɓar sababbin manya. Har aka samu masu cire haƙoransu da filaya a gida. A Fabrairun 2024 ɗaruruwa suka yi layi cikin sanyi a unguwar St Pauls ta Bristol don yin rajista kawai, sai da 'yan sanda suka zo.

Jam'iyyar Leba ta hau mulki a Yulin 2024 da alkawarin ƙarin gurbi 700,000 na ganin likita cikin gaggawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 har yau kyauta ake duba su, amma ruɓewar haƙori ce ta fi kwantar da 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibitocin Ingila.