Mercedes-Benz 300 SL Roadster

Mercedes-Benz 300 SL Roadster buɗaɗɗiyar mota ce ta ƙasaita da gudu, mai kujera biyu da rumfar yadi da ake naɗewa baya, wadda kamfanin Daimler-Benz na Jamus ya ƙera daga 1957 zuwa 1963. Lambar gidansu ita ce W198. Guda 1,858 kacal aka yi, kuma dukkansu sitiyarinsu a hagu yake. Ƙanwa ce ga 300 SL mai rufin ƙarfe, wadda aka fi sani da Gullwing saboda ƙofofinta da ke ɗagawa sama kamar fikafikan tsuntsun teku. Yayar ce ta kwashe suna da hotuna, amma a wajen tuƙi ƙanwar ta fi ta kwanciya a hannu, kuma dalilin hakan yana cikin ƙirarta.

Lambar 300 na nuni da girman injin, wato lita uku. Haruffan SL kuwa daga Jamusanci suke, inda ake fassara su da Super-Leicht, ma'ana marar nauyi ƙwarai, wasu kuma su ce Sport-Leicht.

Asalinta a fagen tsere

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin bai da kuɗin da zai ƙera sabon injin tsere. Sai injiniya Rudolf Uhlenhaut ya ɗauko injin babbar Marsandi 300, motar manya mai nauyi, ya ce tunda ba a iya ƙara wa injin ƙarfi sosai ba, to a rage wa motar nauyi. Ya haɗa mata ƙashi da siraran bututan ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa-kusurwa, kamar yadda ake ɗaure tankar rumfa, kowane bututu na tallafar ɗan'uwansa. Ƙashin ya fito da ƙarfi, ga shi nauyinsa bai wuce kilo 50 ba.

Wannan motar tsere, W194, ta yi abin a zo a gani a 1952. Ta zo ta biyu a Mille Miglia ta Italiya, ta ɗauki na ɗaya da na biyu a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda Hermann Lang da Fritz Riess suka yi nasara, sannan Karl Kling da Hans Klenk suka lashe Carrera Panamericana a Meziko. A wannan tseren ne ungulu ta faɗa wa gilashin gabansu suna tsakiyar gudu, ta fasa shi ta ji wa Klenk ciwo a fuska. Suka sa aka kafa sandunan ƙarfe a gaban sabon gilashin, suka ci gaba.

Max Hoffman, dillalin da ke shigar da Marsandi Amurka, shi ne ya matsa wa kamfanin lamba a yi irinta ta hawa kan titi, yana mai tabbacin cewa attajiran Amurka za su saya. Aka baje kolin Gullwing a New York a watan Fabrairu 1954. Daga lokacin zuwa 1957 an ƙera 1,400, mafi yawansu Amurka suka tafi, kuma 29 daga ciki bodinsu gaba ɗaya alminiyam ne.

Abin da ya sa aka yi buɗaɗɗiya

Ƙofofin Gullwing dole ce ta kawo su. Bututan ƙashin sun taso sama ta gefe, daidai inda ƙofar mota ta saba zama, don haka babu inda za a rataye ƙofa sai a rufi. Mai shiga sai ya tsallake dokin ƙofa mai tudu da faɗi, har sai da aka yi sitiyarin mai karyewa ƙasa domin gwiwar direba ta sami hanya. Tagogin ba sa sauka. Da rani cikin motar yakan yi zafi kamar tanda, wanda kuma babban aibi ne ga mai saye a jihar Kalifoniya. Mafi muni shi ne aksil ɗin baya: idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, tayoyin baya sukan canza tsayuwa, gindin motar ya watso gefe. Gwanin direba ya san makamarta, amma ba kowane mai kuɗi ne gwanin direba ba.

Roadster, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Geneva a watan Maris 1957, amsa ce ga waɗannan koke-koke ɗaya bayan ɗaya. Aka sauke bututan gefe ƙasa, aka ƙarfafa ƙashin ta wasu wuraren, ta sami ƙofofi irin na kowa da gilashin da ake murɗawa ya sauka. Aka sake aksil ɗin baya da mai mahaɗa ɗaya da ke can ƙasa, aka kwantar masa da wani sifirin a tsakiya wanda ke daidaita nauyi tsakanin tayoyin biyu. Wannan gyara, wanda ba a ganinsa sai an leƙa ƙarƙashi, shi ne mafi girman abin da ya raba ta da yayarta. Tankin mai ya ragu daga lita 130 zuwa 100, safaya taya ta koma ƙarƙashin but, sai aka sami wurin zuba kaya. Fitilun gaba suka zama dogaye a tsaye. Girar ƙarfe da Gullwing ke da ita a saman kowace taya kuwa an bar ta yadda take.

Duk wannan ya ƙara mata nauyin da ya haura kilo 100. Farashinta a Jamus mark 32,500 ne, alhali Gullwing 29,000 aka sayar da ita. Daga cikin waɗanda suka hau ta akwai ɗan wasan fim na Amurka Clark Gable, da Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina, zakaran Formula 1 sau biyar, wanda kamfanin ya ba shi kyautar guda a 1958. A fagen tsere ma ta taɓuka: Paul O'Shea ya ci kambun ajinsa a Amurka a 1957 da wata da aka rage wa nauyi, mai suna 300 SLS.

Injin

Injin, mai lamba M198, silinda shida ne a jere, girmansa cc 2,996, ƙarfinsa doki 215. An kishingiɗar da shi zuwa hagu domin bonet ya kwanta ƙasa. Baƙin mansa ba a kwanon ƙarƙashin inji yake taruwa ba, tanki ne da shi na daban kamar na motocin tsere. Giya huɗu ce ta hannu, kuma gudunta yakan kai wajen kilomita 250 a awa, gwargwadon irin haƙoran aksil ɗin da mai saye ya zaɓa.

Abin da ya fi fito da injin shi ne ba shi da kafireta. Famfon Bosch ne ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, dabarar da Jamusawa suka ƙware a kanta a injinan jiragen sama. 300 SL ce motar kasuwa ta farko mai injin bugu huɗu da ta zo da wannan tsari. Sai dai yana da nasa hali. Famfon da juyin inji yake aiki, don haka ko an kashe mota yakan ci gaba da fesa mai har injin ya tsaya cik. Fetur ɗin da bai ƙone ba sai ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ga shi injin na sanyaya baƙin man sosai, ta yadda a gajeriyar tafiya ba ya ɗaukar zafin da zai kore fetur ɗin. Shi ya sa ake son a yi mata juye duk bayan kilomita 1,600. Mota ce da zirga-zirgar cikin gari ke cutarwa, doguwar hanya ke yi wa magani.

Sauye-sauye da ƙarshen ƙira

A 1958 aka fara sayar da rufin ƙarfe da ake ɗorawa a cire. A watan Maris 1961 birkin faifai na Dunlop ya maye gurbin birkin diram a tayoyi huɗu, sannan a 1962 gangar injin ta koma alminiyam. Motocin ƙarshe da suka haɗa waɗannan biyun sun ɗan haura 200, kuma su masu tara motoci suka fi nema. An daina ƙera ta a watan Fabrairu 1963.

A shekarar ne 230 SL ta fito, wadda ake wa laƙabi da Pagoda, ta gaje ta tare da ƙaramar 190 SL. Daga nan zuriyar ta ci gaba da R107 a 1971, R129 a 1989, R230 a 2001, har zuwa na yau. Babu ɗaya daga cikinsu da ta sake amfani da ƙashin bututu. Kada kuma a haɗa ta da 300 SLR, motar tsere mai silinda takwas, wadda aka sayar da guda ɗaya irinta kan yuro miliyan 135 a 2022. Sunan ne ya yi kama, motar daban ce.

Farfaɗo da ita

Cikakken gyaran 300 SL Roadster yana farawa ne da ɗage bodi gaba ɗaya daga kan ƙashi. Sai an tuɓe ta haka ake sanin gaskiyarta, domin tsatsa takan ci bututu daga ciki alhali fenti na ƙyalli a waje, kuma tsohon haɗari yakan bar karkacewar da ido ba ya kamawa. Ana ɗora ƙashin kan teburin awo a gwada shi da ma'aunin kamfani, a yanke ruɓaɓɓen bututu a yi waldar sabo. Kuskure kaɗan a nan, sai ƙofa ta ƙi rufuwa daidai har abada.

Bodin ƙarfe ne, amma bonet da ƙofofi da murfin but alminiyam ne, kuma inda ƙarafan biyu suka haɗu da danshi nan ne ruɓewa ke farawa. Da yake da hannu aka daidaita kowace mota a masana'antar Sindelfingen, ƙofar wata ba lallai ta zauna a jikin wata ba sai fanel bita ya sake bi da guduma. Famfon fetur kuwa ba aikin kowane bakanike ba ne. Ƙwararru ƙalilan ne ke da na'urar saita shi, kuma idan saitin ya kauce, injin da aka kashe wa dukiya yana iya lalacewa cikin ɗan lokaci. Bayan wannan sai wayoyin wuta, fatar kujeru, yadin rumfa, da ƙananan abubuwa irin rediyon Becker da akwatunan tafiya da aka ɗinka daidai cikin but. Aikin yakan ci shekaru.

Madogarar kowane gyara ita ce katin haihuwar motar, wanda kamfanin ke ajiye da shi: lambar ƙashi, lambar inji, launin fenti, launin fata, da ƙasar da aka tura ta. Lambar ƙashin Roadster da 198.042 take farawa, ta Gullwing kuma 198.040. Kamfanin yana da cibiyar tsofaffin motoci a Fellbach kusa da Stuttgart tun 1993, ga kuma ƙungiyar masu motar, Gull Wing Group, da aka kafa a Amurka a 1961, wadda ta taimaka wajen sake ƙera kayan gyaran da suka ɓace daga kasuwa.

Masu harkar sun rabu kan iyakar gyara. Wasu so suke motar ta fito fes, har ta fi yadda ta bar masana'anta sheƙi. Wasu kuma sun fi daraja wadda ke ɗauke da fentinta na asali da fatar da ta tsattsage don tsufa, a gyara mata inji da birki kawai, har gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka ta ware wa irin waɗannan aji nasu. Masu ra'ayi na biyu suna da hujja mai ƙarfi, domin ana iya sake fenti sau goma, amma na asalin idan aka kankare shi ya tafi ke nan. Wadda ruɓewa ta riga ta kai wa ƙashi kuwa ba ta da zaɓi sai a tuɓe ta.

Kasuwa

Mai kyau daga cikinsu takan wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo, kuma kuɗin na hawa ko sauka bisa ko injin da ke ciki shi ne wanda katin ya ambata, ko launin na asali ne, ko an san hannun da ta bi tun daga farko. Irin wannan kuɗi ya jawo jabu. A 2023 masu bincike a Jamus sun kai samame wani sanannen garejin gyaran 300 SL bisa zargin cewa an ƙera motoci biyu masu lambar ƙashi ɗaya. Tun daga nan masu saye suka ƙara tsananta bincike: a duba yadda aka buga lambar a jikin ƙarfe, a gwada shekarun ƙarfen kansa a ɗakin gwaji, a bi takardun mallaka ɗaya bayan ɗaya kafin a yi maganar ciniki.