Ba Turawa ne suka koya wa maƙeran Benin zubin tagulla ba

Har yau za ka ji mutum na cewa wai kawunan tagullar nan na Benin (ta jihar Edo a Najeriya) da Ife aikin Turawa ne, ko dai su suka koyar. Wallahi maganar nan tana min ciwo. Tun 1910 wani Bajamushe Frobenius ya ga kan Ife ya ce ai baƙar fata ba zai iya ba, shi kenan magana ta bi gari.

To ’yan Fotugal, Turawan da suka fara zuwa, sai wajen 1485 suka iso Benin, alhali tagullar Igbo-Ukwu, wani gari a jihar Anambra, tun ƙarni na 9 zuwa na 10 aka zuba ta. Abin da Turawa suka kawo ƙarfe ne, mundayen tagulla na ciniki, maƙera su narkar.

Aikin kuwa sai ka gani. Maƙeri zai gina siffa da yumɓu, ya shafe ta da kakin zuma ya zana komai a jiki har murjanin wuyan sarki, ya sake rufewa da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa yumɓun, shi ya sa kowane zubi guda ɗaya tak ake samu, in ya lalace sai a sake daga farko.

Kuma sana’ar ba ta mutu ba da sojojin Ingila suka kwashe kayan fada a 1897. Gado ce, ɗa daga uba, yanzu haka suna can titin Igun a birnin Benin suna hura wuta.