Ina Likita Mace? Tambayoyi da Amsoshi Kan Mata a Aikin Likitanci

Da "likitan mata" da "likita mace" ba duk ɗaya ba ne?

A'a, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Likitan mata shi ne wanda ya ƙware a kan ciki da haihuwa da cututtukan mahaifa, yana iya zama namiji, yana iya zama mace. Likita mace kuwa tana iya zama mai duba yara, ko ido, ko zuciya, ko mai tiyatar ƙashi. Mutum zai kawo matarsa asibiti da naƙuda ya tsaya a ƙofa yana cewa "ni fa likitan mata nake so", nufinsa mace. Sai a fito masa da likitan mata mai gemu, ransa ya ɓaci.

Yaushe mata suka fara wannan aiki?

Kula da marar lafiya dai mata sun daɗe a cikinsa. A Madina, Rufaida Al'aslamiyya tana da tanti inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. A gidajenmu ma ungozoma ta riga asibiti. Abin da ya yi wuya shi ne shiga makarantar likitanci ta zamani. Elizabeth Blackwell ce mace ta farko da ta sami digirin likita a Amurka, a 1849, bayan makarantu da dama sun ƙi ta. Wadda ta karɓe ta ɗin ma, ɗalibai maza aka bari su kaɗa ƙuri'a, su kuma suka amince don sun ɗauka raha ce.

A Afirka ta Yamma, Agnes Yewande Savage, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta gama karatun likita a Edinbara ta Birtaniya a 1929, ta yi aiki a ƙasar da a yau ake kira Gana, kuma da farko gwamnatin mulkin mallaka ba ta ba ta albashi da matsayin Turawan da suka yi karatu ɗaya da ita ba. Elizabeth Abimbola Awoliyi ta gama nata a Dublin ta ƙasar Ireland a 1938 ta dawo Legas, ita ce mace ta farko da ta yi aikin likita a Najeriya.

Me ya sa ake ta nanata buƙatarsu a Arewa? Ai magani magani ne, ko daga hannun wa ya fito.

Gaskiya ne, in an kai ga maganin. Matsalar ita ce mace da yawa ba ta kaiwa. Akwai wadda za ta shekara da ƙullutu a nono ba ta faɗa wa kowa ba, don ta san wanda zai duba ta namiji ne. Akwai mai yoyon fitsari da ta gwammace ta ɓuya a ƙuryar ɗaki. Akwai wadda maigida zai ce ba za ta awo ba, tunda ya ji ƙato ne ke yi. In ma ta je, sai ta sunkuyar da kai ta ce "cikina ne ke ciwo", alhali jini take zubarwa wata biyu. Da mace ce a gabanta, ta ce mata "Yaya, gaya mini gaskiya, mu biyu ne", da zancen ya fito cikin minti ɗaya.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini da jijjiga ne kan gaba, kuma dukkansu jinkiri ne ke ba su ƙarfi.

To me ke hana 'yan mata zama likitoci? Karatun ne ya fi ƙarfinsu?

Duk wanda ya ga ranar rantsar da sababbin likitoci ya ga su waye ke kwashe kyaututtuka ba zai yi wannan tambaya ba. Tsawon hanyar ne. Shekara shida a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba, kuma ana yi. Shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Mai son ƙwarewa ta ƙara biyar ko shida tana aiki tana jarrabawa. Yarinyar da ta shiga tana da 18 ba za ta zama ƙwararriya ba sai ta haura 30, kuma waɗannan su ne shekarun da gida da dangi suke ƙirga mata aure da haihuwa.

Sai aikin kwana. Ina da ƙanwa likita, na taɓa kai mata tuwo asibiti wajen sha ɗaya na dare. Na same ta a ɗan ɗakin hutawa tana tatsar nono a kwalba don a kai wa jaririnta gida, cikin da aka yi mata aiki bai daɗe da warkewa ba. Ba ta kai loma uku ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, an kawo mai jijjiga daga ƙauye. Da asuba na ga tuwon yadda na bar shi. Da ta koma gida kuma wata gwaggonmu ta tare ta da "ke dai wannan aiki naki, mace ta kwana a waje?" Gwaggon nan kuwa ita ce ta fi kowa faɗa ranar da namiji ya karɓi haihuwar 'yarta.

A cikin asibitin fa, ana ba su girmansu?

Da sauƙi a kan da, amma da saura. Likita mace za ta gama duba mutum, ta rubuta masa magani, ya ce "sannu sista, yaushe likita zai zo?" Yaron da ke tura gadon marasa lafiya kuwa, in ya sa farar riga, "likita" ake ce masa. Ba raina aikin jinya ba ne, aiki ne mai daraja, sai dai kowa a kira shi da sunansa. Akwai kuma masu ba ta shawara ta guji fannin tiyata, wai "ba na mata ba ne", ta nemi wanda za ta tashi ƙarfe huɗu.

Akwai shaidar cewa aikinsu ya kai na maza?

A 2017 mujallar JAMA Internal Medicine ta fitar da bincike kan tsofaffi fiye da miliyan ɗaya da aka kwantar a asibitocin Amurka. Waɗanda likitoci mata suka duba, kashi 11.07 cikin ɗari ne suka rasu cikin kwana 30, na maza kuwa 11.49. Tazarar ƙarama ce, kuma Amurka ba Gusau ba ce, don haka ba zan ce mata sun fi ba. Amma mai cewa ba su kai ba, shi ya kamata ya kawo hujja.

Wace likita ce aikinta ya taɓa mu kai tsaye?

Biyu zan ambata. A watan Yulin 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin abin da ke damunsa, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 8 cutar ta kashe a Najeriya, kuma ranar 20 ga Oktoba aka tabbatar ta ƙare. Da ta sallame shi cutar ta bazu, a tuna motoci nawa ke tashi daga Legas zuwa Kano kullum.

Ta biyu Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. A da, da ido ake kintatar jinin da mai haihuwa ta zubar, ido kuwa yana yaudara, musamman in zani ya shanye. Sai aka riƙa shimfiɗa mata wata leda mai aljihu da ma'auni. Da jini ya kai mililita 500, wato cikin ledar fiya-wata ɗaya, ba a jira: a murza mahaifa, a ba da allurar da ke tsuke ta da mai tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Wanda 'yarsa ta ce likita take son zama, me zai fara yi?

Ya duba makarantar da take, ko akwai malaman kimiyya da ɗakin gwaji, don nan ake sare wa yawancinsu ƙafa tun a sakandare. Ya bincika tallafin jiharsa, wasu jihohin Arewa sun sha ɗaukar nauyin 'yan mata su karanta likitanci, har a ƙasashen waje. In manemi ya fito tana aji uku, a zaunar da shi da waliyyansa a yi maganar aikin kwana ɓaro-ɓaro kafin a sa rana, a kuma san wace ce za ta riƙe jariri a daren da aka kira ta.