Mayaƙan Gem ɗin Faɗa: Bos, Ɓoyayyu da 'Yan Barkwanci

Gem ɗin faɗa nau'in wasan bidiyo ne da mayaƙa biyu ke karawa a fage guda, kowanne da ma'aunin ransa a saman allo, kuma wanda ya ƙarar da ran abokin karawarsa a turmi biyu cikin uku shi ne ya ci. Tsarin bai yi wa Bahaushe baƙunta ba, domin ya yi kama da damben gargajiya, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya samu gindin zama a shagunan gem na Samaru da Sabon Gari da Tudun Wadan Zariya, inda ƙa'idar take cewa wanda aka kayar ya miƙa hannun gem ga na gaba, wanda ya ci kuma ya zauna. Ƙarfin irin wannan wasa yana ga mayaƙansa, wato su wane ne su, yaya suke bugu, kuma me ya bambanta wannan da wancan.

Wasan da ya kafa wannan tsari shi ne Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991. Ya zo da mayaƙa 8 da ake iya zaɓa, daga ƙasashe daban-daban: Ryu da E. Honda daga Japan, Ken da Guile daga Amurka, Chun-Li daga Sin, Dhalsim daga Indiya, Blanka daga Brazil, Zangief kuma daga Tarayyar Sobiyet. Bayan su akwai manya 4 da kwamfuta kaɗai ke sarrafawa, sai a fitowar 1992 aka ba mai wasa damar ɗaukar su. Da aka kai wasan Amurka an sauya wa uku daga cikinsu suna, saboda ɗan damben da ake kira M. Bison a Japan ya yi kama da Mike Tyson a suna da kamanni, don haka ya koma Balrog, sunan M. Bison kuma ya koma kan shugaban miyagun.

Irin waɗannan manya su ake kira bos, kalmar da matasa suka riga suka sani daga finafinai, inda ake raba jarumai zuwa akta da bos. Bos nagari shi ne wanda yake da wuyar kayarwa amma yana bin dokar da kowa ke bi, ta yadda duk faɗuwar da mutum ya yi a hannunsa sai ya tashi da darasi. Goro na Mortal Kombat, wanda kamfanin Midway ya fitar a 1992 daga hannun Ed Boon da John Tobias, ya shiga zukatan mutane saboda hannayensa huɗu da nauyin bugunsa, duk da cewa ba shi ne na ƙarshe ba, Shang Tsung ne.

Bos mai ba da takaici iri biyu ne. Na farko shi ne mai maguɗi, wanda kwamfuta ke karanta abin da mai wasa ya danna ta mayar da martani kafin bugun ya isa, ko kuma aka ba shi bugu guda mai cinye rabin rai. Kamfanin SNK ya yi suna da wannan, tun daga Geese Howard na Fatal Fury a 1991 zuwa Rugal na The King of Fighters '94, har masu wasa suka laƙaba wa ɗabi'ar sunan kamfanin. Dalilin na kasuwa ne: a na'urorin gidajen wasa na wancan zamani kowace faɗuwa tana nufin sabon kwabo a cikin akwati. Gill na Street Fighter III, na 1997, yana iya tashi bayan an kashe shi ya sake cika ransa, abin da ke karya zuciyar wanda ya sha wuya kafin ya kai shi ƙasa. Iri na biyu shi ne marar halin kansa, kuma a ganin mai wannan rubutu ya fi na farko muni, domin mai maguɗi ko ba komai ana tuna shi. Seth na Street Fighter IV, na 2008, ya sha suka kan haka, saboda akasarin bugunsa aro ne daga sauran mayaƙa. Azazel na Tekken 6 kuwa girmansa ya kusa cika allo, har dabarun da mutum ya ɓata watanni yana koya ba sa aiki a kansa yadda ya kamata.

Akwai kuma ɓoyayyu, wato mayaƙan da ba a nuna su a jerin zaɓi sai an bi wata hanya ta sirri, waɗanda wasunsu jita-jita ce ta haife su. Kuskuren fassarar wata magana da Ryu ke faɗa bayan nasara ya sa aka ɗauka akwai wani malami mai suna Sheng Long, sai mujallar Electronic Gaming Monthly ta ƙara wa wutar fetur a Afrilun 1992 da labarin ƙarya na yadda ake kaiwa gare shi. Capcom ta fito da Akuma a 1994, ɓoyayye na gaske. Haka Ermac ya samo asali daga wani gajeren rubutu na lissafin kurakurai a cikin na'urar Mortal Kombat, kafin a mayar da shi mayaƙi a 1995.

Ɗan barkwanci shi ne mayaƙin da aka raunana da gangan. Fitaccensu Dan Hibiki ne, wanda ya bayyana a Street Fighter Alpha a 1995 sanye da kaya ruwan hoda, don yi wa Ryo da Robert na wasan Art of Fighting na SNK ba'a. Wutar da yake jefawa tana mutuwa a gabansa kafin ta yi nisa, kuma ya fi ƙwarewa a cika baki. Duk da haka ana ƙaunarsa ƙwarai, domin kayar da gwani da Dan ya fi kowace nasara zafi, kamar ɗan damben da ya kashe abokin karawa da hannun garkuwa maimakon na mashi. Tekken 3 ma yana da Mokujin, mutum-mutumin itace da ke aron salon wani mayaƙi a kowane turmi.

Masu sha'awa sun karɓi aikin ƙirƙirar mayaƙa a hannunsu bayan da masu haɗa manhaja da ake kira Elecbyte suka saki MUGEN, manhajar gina gem ɗin faɗa, kyauta a 1999. Ta zo da mayaƙi guda kawai, Kung Fu Man, a matsayin samfuri, sauran kuma kowa ya gina nasa: fayil na hotuna, fayil na motsi, fayil na umarnin maɓallai, da fayil na sauti. Da yake ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar kwamfutar ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ta isa ta ɗauke ta, ana kuma iya kwafar mayaƙa daga filashi zuwa filashi. Ta haka aka samu dubban mayaƙa, daga na zanen yara zuwa alamomin tallan kamfanoni, wasu an zana su da ƙwarewar da ta kai ta kamfani, wasu kuma an rubuta su ne don su kashe abokin karawa tun kafin a ce a fara. Tashar intanet ta Salty Bet tana haɗa irin waɗannan mayaƙa su kara da juna ba dare ba rana a ƙarƙashin sarrafawar kwamfuta, kuma saboda rashin daidaiton ƙarfinsu an kasa su aji-aji, masu rauni da masu rauni, masu maguɗi da 'yan uwansu.