Dokar "kana ina": yadda ake dakatar da ɗan tseren keke ba tare da an sami ƙwaya a jikinsa ba

Masu bin Tour de France da sauran manyan tseren keke na Turai sukan ji an ce an dakatar da wane, sai a duba a ga ai ba a taɓa samun komai a fitsarinsa ko jininsa ba. Toh ba zalunci bane kai tsaye, akwai doka a kai, kuma tana cikin kundin hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, wadda aka kafa a 1999 bayan abin kunyar ƙungiyar keke ta Festina da aka kama da ƙwayoyi a Tour na 1998.

Ga yadda take. Duk babban ɗan tseren da sunansa ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, dole duk bayan wata uku ya shiga manhajar da ake kira ADAMS ya rubuta inda zai kwana kowace rana, inda zai yi atisaye, da gasannin da zai shiga. Sannan a kowace rana ta Allah sai ya ware awa ɗaya tsakanin 5 na asuba da 11 na dare, ya ce a wannan awar ina wuri kaza, ku zo ku same ni. Ba hutu, ko ranar aurensa ce. In tafiya ta kama shi yana iya canzawa ta waya kafin lokacin ya yi, amma in mai ɗaukar samfur ya zo ya ƙwanƙwasa bai same shi ba, an rubuta masa ɗaya. In bai cike bayanan ba, ko ya cike su a birkice yadda ba za a iya gano shi ba, shi ma ɗaya ne. Uku cikin wata 12, ko ma wane iri aka haɗa, ya zama laifi cikakke, hukuncinsa dakatarwar shekara biyu, ana iya ragewa zuwa ɗaya in an ga sakacin bai yi yawa ba. Kafin 2015 wata 18 ake ƙirgawa.

Me yasa aka tsananta haka? Saboda ba ranar gasa ake maguɗin ba. EPO, sinadarin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini har mutum ya hau tsauni bai galabaita ba, yana ɓacewa daga fitsari cikin 'yan kwanaki, in kaɗan-kaɗan ake yin allurar ma cikin awoyi, amma amfaninsa yana daɗewa makonni. Kaga kenan mutum zai ɓuya a wani ƙauye kan dutse da sunan atisaye, ya yi abin da zai yi, ya iso gasa fes. Lance Armstrong ya yi shekara da shekaru yana bugun ƙirji cewa an gwada shi ɗaruruwan sau, ƙarshe a 2012 aka ƙwace duka Tour bakwai da ya ci daga 1999 zuwa 2005, kuma galibi shaidar abokan tserensa ce ta kayar da shi.

Wanda ya fi fito da maganar fili shi ne Michael Rasmussen ɗan Denmark a Tour na 2007. Yana sanye da rigar rawaya, wadda mai jagorantar gasar ke sawa, saura kwana huɗu a shiga Paris inda ake kammalawa, kofin kusan a hannunsa, ƙungiyarsa Rabobank ta kore shi daga gasar. Ya ce a watan Yuni yana Meziko, ashe wani tsohon ɗan tsere mai sharhi a talabijin, Davide Cassani, ya gan shi da idonsa yana atisaye a tsaunukan Italiya. Shekara biyu aka ba shi. A 2013 da bakinsa ya amsa cewa ya yi shekara 12 yana amfani da haramtattun abubuwa.

Amma fa dokar bata ce mai gwaji ya yi yadda ya ga dama ba, shi ma sai ya nuna ya yi iya ƙoƙarinsa a cikin awar. Lizzie Armitstead ta Birtaniya ta tara uku gab da Olamfik na Rio a 2016, ta kai ƙara kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne, kotu ta soke na farkon saboda jami'in da ya je otal ɗinta a Sweden bai neme ta yadda ya kamata ba. Ta koma biyu, ta je Rio. Mutane da yawa sun yi gunaguni, ni dai a ganina daidai kotun ta yi, in za ka ci mutum da ƙa'ida to kai ma ka bi taka.

Gaskiya abin da takura, ace baligi kullum sai ya faɗa wa wata hukuma inda zai kwana, kuma wanda bai taɓa shan komai ba amma mai mantuwa ne zai iya faɗawa ciki. Sai dai su 'yan keken ne suka ja wa kansu. Shi yasa ma hukumar keke ta duniya UCI ta ƙara da fasfon jini a 2008, inda ake ɗaukar jinin mutum a kai a kai ana kwatanta shi da nasa na baya, in ya yi tsalle ba dalili sai ya yi bayani, kuma wannan ba zai yiwu ba sai ana iya samunsa ba zato. Tun 2021 wata hukuma daban mai suna ITA ce ke gudanar wa UCI waɗannan gwaje-gwajen, samfurin kuma ana iya ajiye shi shekara 10 a sake dubawa in an samu sabuwar hanyar gwaji.