Shinkafa mai launi da samuwar ƙwayoyin kitse

Shinkafa mai launi ita ce wadda fatar ƙwayarta take da launin baƙi, ja ko shunayya. Launin yana zaune ne a cikin dusa, shi ya sa idan aka surfe ta tas sai ta koma fara, ta rasa yawancin sinadaran da masana ke bincike a kansu. Baƙar shinkafa tana ɗauke da antosayanin, sinadarin da ke ba ta launinta, musamman nau'in da ake kira sayanidin-3-gulukosayid. Jar shinkafa kuwa ta fi yawan wani sinadarin, furo'antosayanidin. Dukkansu suna da sinadarin gama-orizanol da dangin bitamin E a cikin man dusarsu.

Abin da ya jawo hankali gare su shi ne ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ita. Kitse yana ƙaruwa a jiki ta hanya biyu: ko ƙwayoyin kitsen da ake da su, wato ƙwayoyin halittar da ke ajiye mai, su kumbura, ko a samu sababbi. Sababbin suna fitowa ne daga ƙwayoyin da ba su nuna ba, waɗanda wasu furotin biyu, PPAR-gama da C/EBP-alfa, ke ba umarnin su fara tara mai.

Yawancin gwaje-gwajen ana yin su da ƙwayoyin ɓera da ake kira 3T3-L1, waɗanda Howard Green da Olaniyi Kehinde suka ware a shekarun 1970. Akan raine su a faranti, a zuba musu ruwan da aka tatso daga dusar shinkafa, sannan a rina su da wani jan rini mai kama mai domin a ga yawan kitsen da suka tara. Bincike da dama ya nuna ƙwayoyin da aka ba wannan ruwa sun tara kitse ƙasa da na sauran, aikin furotin biyun nan ya ragu. An kuma ga alamar farkawar AMPK, wani furotin da ke karkata ƙwaya ga ƙona mai maimakon ajiye shi. A ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo, an sha samun raguwar ƙarin nauyi da na kitsen hanta. Aikin masanin Japan Takanori Tsuda na 2003 yana cikin waɗanda suka buɗe wannan fage, ko da yake da launin masara mai shunayya ya yi shi.

Sai dai faranti ba cikin mutum ba ne. Kaɗan ne daga antosayanin ke shiga jini yadda yake. Sauran kuwa, hanji da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsa suna farfasa shi zuwa wasu sinadarai, don haka adadin da ake zuba wa ƙwayoyi a ɗakin gwaji ya kan zarce abin da kwanon shinkafa zai kai ga jiki. Ga shi zafi yana lalata antosayanin, ruwan wanki da na dahuwa kuma suna tafiya da wani kaso. Gwajin da aka yi wa mutane bai da yawa, kuma raba tasirin launin da na dusar kanta abu ne mai wuya, domin shinkafar da ba a surfe ba dama tana jinkirin narkewa kuma tana riƙe ciki.