Matashi mai lalurar otizim: me ya sa ba ya jure canji?

Ɗanmu ya kai shekara 14, amma da an canza masa kofin shayi ko hanyar makaranta sai ya birkice. Taurin kai ne?

A'a. Son komai ya zauna yadda aka saba yana cikin manyan alamomin otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa tana shafar kusan yaro 1 cikin 100. Tun a 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya lura da wannan halin a yara 11 da ya yi bayaninsu. Irin wannan yaro yana shan wahala wajen hasashen abin da zai biyo baya, kuma ƙara da haske da cunkoso suna yi masa yawa fiye da yadda suke yi mana. Abin da ya saba da shi ne madogararsa. Idan mai adaidaita sahu ya kauce hanya saboda cunkoso, ku kun san makarantar dai za a je. Shi kuwa hankalinsa ya riga ya tashi, don bai san inda za a ɓulle ba. Tsoro ne kuke gani, ko da ya fito da ihu ko jifa.

To me ya sa abin ya ƙaru da ya fara balaga?

Jikinsa na canzawa ba tare da an shawarce shi ba: murya, gashi, mafarki, ga 'ya mace kuma al'ada. Ga makarantar sakandare mai malamai da yawa, ga tsokanar 'yan aji. Sannan ƙarfinsa ya ƙaru, wanda ake iya riƙewa yana ɗan shekara biyar yanzu sai ya ture mutum.

Amma idan hali ya canza farat ɗaya, a fara duba jiki. Ciwon haƙori, ciwon kunne, taurin bahaya da rashin barci suna sa yaron da bai iya faɗin inda ke masa ciwo ba ya riƙa dukan kansa. Farfaɗiya ma ta fi yawa ga masu otizim, kuma takan fara a shekarun balaga.

Idan ya riga ya birkice, me za mu yi?

A rage magana. Wannan ba lokacin faɗa ko nasiha ba ne, don ba ya fahimta a wannan halin. A kashe rediyo, a fitar da ƙannensa, a ɗauke wuƙa da ruwan zafi, a hana maƙwabta taruwa a kansa. Mutum ɗaya ya zauna kusa, murya ƙasa-ƙasa. Bayan ya huce, ku rubuta abin da ya faru kafin tashin hankalin: ƙarfe nawa, wa ke wurin, ya ci abinci ko bai ci ba. Kafin wata ya zagayo za ku fara ganin zaren. Wataƙila duk ranar da aka tada janareta ne, ko ranar da baƙi suka zauna a tabarmarsa.

Ke nan komai ya ce sai a yi masa?

Ba haka ba. A ware abin da ba a sassautawa, kamar dukan mutane da fita titi shi kaɗai, daga abin da ba ya cutar da kowa. Kofin nan a bar masa. Canji kuma ana koya shi kaɗan-kaɗan, a ranar da hankalinsa ke kwance. A sanar da shi tun da wuri: "Gobe bayan Azahar za mu gidan kakarka, mu dawo kafin Magariba." A rubuta ko a zana a manna a bango, kuma a cika alkawarin dawowar. A ba shi zaɓi biyu, ba tambaya a buɗe ba. A guji habaici da gatse, domin yawancinsu yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta. Idan aka ce "je ka yi ta yi", zai je ya yi.

Dangi na cewa sangarta ce ko aljanu, a kai shi gidan mari.

Kada ku kai shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani irin gidan a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Duka da ɗauri suna ƙara tsoron da shi ne tushen matsalar. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, sai a haɗa.

Akwai magani?

Babu maganin da ke warkar da otizim. Akwai dai waɗanda likita kan bayar idan faɗa ko cutar da kai ya tsananta, irin su risperidone, amma suna sa ƙiba da yawan barci, don haka ba a saye a kemis kai tsaye. Ana iya ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku tafi da littafin nan da kuke rubutu a ciki, zai taimaki likita ƙwarai.